Yadda Honda Ya Ƙwace Kuloci Daga Hannun Hagu

A shekarun 1950, mai babur ƙirar Ingila, Triumph ko BSA, yakan fara safiyarsa da wata al'ada: ya matse hannun kuloci, ya buga kik sau biyu ko uku, sannan ya tayar da inji. Faya-fayen kuloci sukan manne da juna cikin dare, kuma wanda ya manta da raba su zai ji giyar farko ta shiga da ƙara mai tayar da hankali. Ragowar wahalar tana jikin waya. Idan ta yi tsauri, kuloci ya riƙa sulɓewa, inji na kuka amma babur ba ya ja. Idan ta yi sako-sako, ya ƙi saki gaba ɗaya, babur na jan jiki alhali an matse hannu. Tazarar da ke tsakanin cutukan biyu ba ta wuce 'yan milimita ba.

Wannan ƙwarewa ce Takeo Fujisawa, abokin kasuwancin Soichiro Honda, ya ɗauka a matsayin shinge tsakanin babur da talaka. Bayan rangadin da su biyun suka yi a Turai a ƙarshen 1956, ya nemi a ƙera babur da yaron da ke kai taliyar soba gidaje a Japan zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tire. Super Cub ya fito a 1958, da inji mai cc 49 da giya uku, ba kuma hannun kuloci.

Kulocin bai ɓace ba, ciki aka mayar da shi. Idan inji ya ƙara gudu, juyawar takan wurga wasu ƙananan ƙarafa waje su matse faya-fayen, babur ya tashi. Idan aka taka giya kuwa, takun kansa ne ke sakin kulocin na ɗan lokaci. Nan ne hikimar take, nan ne kuma matsalar ta koma, domin mahaɗar da ke tsakanin giya da kuloci tana buƙatar saiti kamar yadda waya ke buƙata. Sai dai an tattara saitin a kan sukuru guda da notinsa, a murfin inji na dama. A tsofaffin C70 da C90, ana kwance notin, a juya sukurun zuwa dama zagaye ɗaya, a dawo da shi hagu a hankali har a ji ya ɗan cije, sannan a mayar da shi dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaure. Aikin minti biyar ne, amma sau da yawa akan sauke inji a canza faya-faye tun ba a gwada shi ba.

Wani abokin gabar ya zo ne daga baya. Faya-fayen suna wanka cikin baƙin man inji, kuma man motocin zamani mai sinadarin rage gogayya yana sa su sulɓi ko da saiti ya yi daidai. Shi ya sa Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA a 1998 domin man babura.

Zuwa 2017, Honda ya ƙera Super Cub miliyan 100. Baburan da ake kira roba-roba a titunan Kano jikokin wannan ƙira ne, kuma har yau yawancinsu suna ɗauke da sukurun nan a gefen dama.