Alƙaluman da Ake Taɓawa da Hannu: Daga Ƙullin Zare Zuwa Firintar 3D

Idan aka ce "bayanai" a yau, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne jadawali ko zane a fuskar kwamfuta. Amma fa ɗan Adam ya daɗe yana riƙe lissafinsa a tafin hannu tun kafin ya iya rubuta shi. Masu koyon rubuta manhaja domin mayar da alƙaluma sassaƙa, wata tsohuwar sana'a ce suka gada, kayan aiki kawai suka sauya.

Kafin rubutu

A Gabas ta Tsakiya, tun wajen shekara 8000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), manoma suna mulmula 'yan ƙananan siffofi na yumɓu. Mai binciken kayan tarihi Denise Schmandt-Besserat ta yi bayanin cewa da su ake lissafin dukiya: wata siffa tana nufin mudun hatsi, wata kuma tunkiya. Daga baya aka riƙa zuba su cikin ƙwallon yumɓu a rufe, a danna alamarsu a bayansa don a san abin da ke ciki. A ra'ayinta, daga waɗannan alamomi ne rubutun farko na Mesofotamiya ya samo tushe.

Daular Inka ta Kudancin Amurka kuwa da zare ta yi mulki. Suna da abin da ake kira kipu: babbar igiya guda, an rataya mata zaruruwa masu ƙulli. A 1912 Leland Locke ya nuna cewa lissafin goma-goma ne. Ƙullin can ƙasa ɗai-ɗai ne, na samansa gomomi, na sama da shi ɗaruruwa, inda kuma aka bar fili babu ƙulli, sifili kenan. Da haka ake adana ƙidayar jama'a da haraji.

Lokacin da masana suka koma ga yumɓu

A 1873 Josiah Willard Gibbs na jami'ar Yel a Amurka ya wallafa bayani kan yadda makamashin abu yake da alaƙa da girman wurin da ya cika da kuma entirofi, wato ma'aunin watsuwar makamashin. Lissafi ne mai wuyar hangowa a ƙwaƙwalwa. Sai James Clerk Maxwell a Kambirij ya ɗauki yumɓu a 1874, ya gina siffar lissafin mai tudu da kwari, ya zuba ta da filasta. Domin zana layukan da zafi ko matsi yake daidai, sai ya ajiye ta a rana, yana bin iyakar inda haske ya shafi jikinta. Ya aika wa Gibbs guda ɗaya.

Haka Dorothy Hodgkin ta yi a 1945 lokacin da take neman tsarin maganin fenisilin. Ta zana sakamakon awonta a kan faifan roba masu kamar gilashi, ta jera su ɗaya bisa ɗaya har siffar ƙwayar maganin ta bayyana. Wato su waɗannan masana ba ado suke yi ba. Da siffar suke tunani.

Shigowar manhaja

Matsalar aikin hannu ita ce, in lamba ɗaya ta sauya, sai a sake gini daga farko. Abubuwa uku ne suka kawar da wannan wahala.

Na farko, a 2001 Casey Reas da Ben Fry na cibiyar MIT suka fitar da Processing, yaren kwamfuta kyauta wanda aka tsara don masu zane. Da 'yan layuka kaɗan ɗalibi zai ga da'ira ta fito a allo. Na biyu, a 2005 aka ƙirƙiro Arduino a garin Ibireya na Italiya, ƙaramin allon lantarki mai araha da ke bai wa manhaja damar kunna fitila ko juya inji. Na uku shi ne firintar 3D, wadda ke gina abu hawa-hawa. Chuck Hull ya samu haƙƙin mallakar irinta ta farko a 1986, amma sai bayan da haƙƙin mallakar fasahar narka zaren roba ya ƙare a 2009 farashi ya faɗo har ɗalibai suka iya kaiwa gare ta.

Ga misalin yadda aikin yake. A 2010 Mitchell Whitelaw na Ostareliya ya ɗauki awon zafin birnin Sidni na shekara 150. Manhajarsa ta mayar da kowace shekara zobe guda, zafin kowane wata shi ke yanke nisan gefen zoben daga tsakiya. Da aka ɗora zobba bisa juna, tsofaffi a ƙasa, sababbi a sama, sai ga kofi. Bakin kofin ya fi gindinsa buɗewa, saboda shekarun baya-bayan nan sun fi zafi. Ɗumamar yanayi kenan a tsakanin yatsunka.

Shin yana da amfani, ko burgewa ce kawai?

An gwada. A 2013 Yvonne Jansen da Pierre Dragicevic da Jean-Daniel Fekete a Faransa suka ba mutane alƙaluma iri ɗaya, wani lokaci a allo cikin siffar 3D, wani lokaci a ƙere a hannu. Mutane sun fi saurin gano amsa da wanda suke riƙe da shi, kuma taɓawa da yatsa na cikin dalilan. Ga makafi kuwa, zanen allo ba ya gaya musu komai, amma hannu yana karanta tudu da kwari.

Sai dai akwai tarko. A ce kasafin wata ma'aikata ya ninka sau biyu, mai ƙira ya ninka tsawo da faɗi da kaurin akwatin da ke wakiltarsa. Girman akwatin ya zama ninki 8 kenan, ba 2 ba. Lambobin daidai suke, amma ido da hannu sun sha ƙarya. Kuma abin da aka ɗauka aka ji nauyinsa, mutum ya fi saurin gaskata shi fiye da zane a takarda.

Shi ya sa babban darasin mai koyo ba iya rubuta manhaja ba ne, wannan yana zuwa da yawan gwaji. Darasin shi ne yanke shawarar wace lamba ce za ta zama tsawo, wace ce za ta zama nauyi, me aka bari a waje, sannan a sanar da mai kallo ƙa'idar da aka bi. Kipun Inka ma darasi ne a nan: an iya karanta lambobinsu, amma da yawa daga cikinsu har yau ana muhawara kan me suke ƙirgawa, domin masu riƙe da ma'anar launuka da jerin zaren sun tafi da iliminsu. In za ka ƙera naka, ko da kwali ne ko yumɓu, rubuta mabuɗin karanta shi a jikinsa.