Adabin bayan-halaka

adabin bayan-halaka (suna, namiji): ƙagaggun labaran da ke farawa bayan annoba ko yaƙin nukiliya ya share yawancin 'yan Adam. Mary Shelley ta rubuta irinsa tun 1826, amma sai bayan bam ɗin Hiroshima na 1945 ya yi kasuwa.

Masu suka kan ce son kallon bala'i ne ke jan masu karatu, kuma suna da ɗan abin kamawa, don wasu littattafan ba su wuce jini da bindiga ba. Sai dai waɗanda suka yi suna, hankalinsu yana kan wanda ya saura da rai. A The Road na Cormac McCarthy, na 2006, uba yana tura keken kanti cikin toka, yana nema wa ɗansa abincin gwangwani, yunwa na cinsu amma sun ƙi cin naman mutum. A Station Eleven na 2014 kuwa, shekara 20 bayan mummunar mura, 'yan wasa suna bin garuruwa suna nuna wasannin Shakespeare. Wannan taurin kai na ƙin zubar da mutunci shi ne ke riƙe mai karatu har shafin ƙarshe.