Man kaɗe da gashin ɗiyata

Kakata, wadda iyayenta suka baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, ba ta taɓa sa mataji a busasshen gashin yaro ba. Sai ta yayyafa ruwa, ta narkar da man kaɗe a tafin hannu, ta warware murɗaɗɗen gashin da yatsu.

Mu da muka taso a Nyohini raina man muka yi, wai warin ƙauye gare shi, muka koma ga basilin. A 1994 kamfanin The Body Shop ya fara sayensa wurin matan Tungteiya, nan kusa da Tamale, yana kaiwa Ingila. Ni kuwa ban dawo hanyar kakata ba sai da gashin ɗiyata ya kakkarye a ƙeya, tana kuka duk ranar kitso.