Tsufa da barasa a Birtaniya: Daga gidan giya zuwa ƙuryar ɗaki

Duk sa'ad da aka yi zancen shaye-shaye, hankali kan tafi ne kan matasa. A Birtaniya kuwa alƙaluman lafiya sun daɗe suna nuna wani abu dabam. Matasa na ƙara ƙaurace wa barasa, alhali masu shekara 55 zuwa 64 ne suka fi kowane rukuni a Ingila ƙetare iyakar da likitoci suka gindaya. Tun 2016 iyakar ita ce ma'auni 14 a mako ga namiji da mace, wato kimanin manyan kofuna shida na giya mai matsakaicin ƙarfi. A 2022 mutum 10,048 suka mutu a ƙasar sakamakon cututtukan da barasa kaɗai ke haddasawa, galibi ciwon hanta, kuma abin ya fi ƙamari a tsakanin masu shekara 50 zuwa 64.

Wanda ke son fahimtar lamarin sai ya fara sanin matsayin gidan giya a rayuwar Baturen Ingila. Ga ma'aikacin da ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gidan giyar unguwa shi ne abin da majalisa take ga dattijon Bahaushe: nan ake jin wanda ya rasu da wanda ya aurar da 'ya, nan ake gardamar ƙwallo da siyasa. Shan yana da illarsa tun a lokacin, amma yana da shaidu. Mai gidan ya san adadin kowa, akwai lokacin rufewa, kuma idan mutum ya kwana biyu bai leƙo ba wani zai tambaya.

Wannan majalisa ce ke watsewa. Daga kusan 60,000 a shekarar 2000, gidajen giyar Birtaniya sun ragu zuwa ƙasa da 50,000 kafin annobar korona, ita kuma ta rufe su na tsawon watanni. Haraji da tsadar haya da dokar hana shan taba a cikinsu, wadda ta fara aiki a Ingila a 2007, duk sun taka rawa. Sama da komai kuma, barasar manyan kantuna ta fi araha nesa ba kusa ba. Sai shan ya koma gida, inda babu mai auna kofi, babu lokacin tashi, babu mai cewa ya isa.

Masana kan raba tsofaffin mashaya gida biyu. Kimanin biyu bisa uku sun taso da ɗabi'ar tun ƙuruciya, suka tsufa da ita. Ragowar ɗaya bisa ukun su ne abin dubawa, domin sai da girma ya kama su suka faɗa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ajiye aiki, wanda kan raba mutum da abokai da tsarin yininsa a rana guda, rasuwar miji ko mata, 'ya'ya sun yi nisa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Matar da ta saba shan kofi guda tare da mijinta wajen cin abincin dare, bayan rasuwarsa takan buɗe kwalba ta rasa wanda za su raba. Ba banza ba gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018.

Jiki kuma ba ya ɗauka kamar da. Ruwan jiki na raguwa da shekaru, don haka kofin da bai taɓa ɗan shekara 40 ba yakan yi wa ɗan 70 yawa, balle idan ya haɗu da maganin barci ko na hana daskarewar jini.

Abin da ya fi tsananta matsalar shi ne rashin ganinta. Faɗuwa da mantuwa da rawar hannu, duk akan ɗora su a kan tsufa. Likita na jin nauyin tambayar sa'ar mahaifiyarsa ko tana sha, iyali kuma kan ce a bar tsoho da ɗan abin da ya rage masa na jin daɗi, maganar da ke kama da tausayi amma sau da yawa gudun ɗawainiya ce. Shi ya sa rahoton da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2011 ya kira su mashayan da ba a gani, ya kuma ba da shawarar a sauke iyakar waɗanda suka haura 65 zuwa ma'auni 11 a mako.

Matakan da ake ɗauka iri biyu ne. A 2018 Sikotilan ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin da za a sayar da kowane ma'auni, ta ƙara shi a 2024. Wannan ya taɓa aljihu, bai taɓa kaɗaici ba. Na biyun shi ne samar wa dattawa wata majalisar da babu kwalba a cikinta, kamar rumfunan maza da suka samo asali daga Ostireliya, inda 'yan fansho ke haɗuwa suna aikin kafinta da gyare-gyare suna hira. Yanzu akwai ɗaruruwansu a faɗin Birtaniya.