Daga Marisuwa Zuwa Korona: Jami'o'inmu Da Annobar Mura

Ranar 14 ga Satumba, 1918, jirgin ruwa mai suna Bida ya sauka a tashar Legas daga Gwalkos, ƙasar da muke kira Gana a yau, ɗauke da masu fama da wata irin mura. Kakanninmu suka laƙaba mata suna marisuwa. Mutane suka razana, suka riƙa tserewa daga Legas zuwa garuruwansu, cutar kuwa ta bi su. Hanyar jirgin ƙasa, wadda ba ta jima da isa Kano ba, ita ta sauƙaƙa mata tafiya Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta halaka kimanin mutum 500,000 a Nijeriya cikin 'yan watanni.

A wancan zamani babu jami'a ko ɗaya a ƙasar nan. Sai a 1948 aka buɗe ta Ibadan, wato shekara talatin bayan an gama binne mamata. Saboda haka jami'o'inmu suka tashi ba su gaji wannan tsoro ba. Aka gina ɗakunan kwana, daga baya aka cusa mutum takwas inda aka tanada wa huɗu, ana shaƙar numfashin juna dare da rana.

Gargaɗi kuma ya zo. A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. A 2009 murar aladu ta zagaye duniya. Ganin ba su yi mana ɓarna mai yawa ba, sai muka ɗauka mun tsira.

Da korona ta iso a 2020 (ba mura ba ce a wajen likitoci, amma ta numfashi take yaɗuwa kamar marisuwa), shirin da aka fito da shi ɗaya ne: a rufe makarantu, kowa ya tafi gida. A cikin Maris muka cika tashoshin mota da akwatunanmu, muna matsatsi, tamkar mutanen Legas na 1918. A ganinmu rufewar ta zama dole, sai dai korar dubban ɗalibai a tare cikin 'yan kwanaki ba shiri ba ne. Karatu ta intanet da aka yi ta zancensa bai kankama ba a yawancin jami'o'in gwamnati, domin ga ƙarancin wuta da kayan aiki, ga kuma yajin aikin malamai da ya kai har Disamba. Da yawanmu ba mu sake zama a aji ba sai a farkon 2021.