Lambar da ke jikin tukunya da tarihinta

Duk uwar da ta taɓa haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki ta san tambayar mai tukwane: lamba nawa? Sau da yawa amsar ita ce a kawo babba, don kada dangin miji su raina. Amma lambar nan tana da tarihi, kuma abin da take nufi a wani wuri ba shi take nufi a wani ba.

Maƙeranmu na dā sun iya fidda ƙarfe daga tama, su ƙera fartanya da gatari da mashi, sai dai ba su zuba ƙarfe ya zama tukunya. Tukunyar kakanninmu ta yumɓu ce. Zubin baƙin ƙarfe na son wutar da ta kai wajen digiri 1,200, kuma mutanen Sin ne suka riga kowa gwanancewa a kai, ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa. A Turai sai a 1707 wani Bature ɗan Ingila, Abraham Darby, ya samu takardar mallakar dabarar zuba tukwanen ƙarfe cikin yashi. Tukunya ta rage kauri, ta rage tsada. A 1709 ya koma Coalbrookdale, inda ya shiga narka ƙarfe da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Daga irin waɗannan masana'antu, da na Falkirk a Sikotilan, aka riƙa loda tukwane masu ƙafa uku a jiragen ruwa zuwa Afirka. Har yau a Afirka ta Kudu sunan Falkirk na jikin tukwanen, da lamba a gefe: lamba 3 tana cin kusan lita 8.

A Amurka lambar ta bi wata hanya. A ƙarni na 19 murhun ƙarfe na itace yana da ramuka a samansa, kowane da girmansa, sai aka riƙa sa wa kasko lambar ramin da zai zauna a kai. Ke nan lamba 8 tana gaya maka murhun ne, ba ta ce komi ba kan yawan masu ci. Faransawa kuwa sun sauƙaƙa. Kamfanin Le Creuset, wanda aka kafa a 1925, yana rubuta faɗin bakin tukunya da santimita a ƙarƙashin murfi. In ka ga 24 a tukunyar da aka kawo daga Turai, faɗinta ke nan, kuma tana cin lita 4 da ɗan wani abu.

Tukunyar da muke kira ta ƙarfe a yau, galibi ta alminiyom ce. Bayan yaƙin duniya na biyu sana'ar zubinta ta bazu a Afirka ta Yamma, saboda alminiyom na narkewa a digiri 660, wutar da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa. Wanda ya leƙa kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake yi: a danna tsohuwar tukunya cikin yashi, a cire, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinta. Dabarar Darby ce ta iso mu da wani ƙarfen. Shi ya sa lamba 3 ta wannan mai zubi ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, kowace ta gaji girman uwar da aka kwafa.

Abin da ya fi canzawa shi ne gidan. Babbar tukunya ta gandu ce, inda matar da ke da girki ke tuƙa wa mutum ashirin ko fiye. Malamin lakwal da aka tura ƙauyen Tawa da matarsa da jariri ba ya cikin wannan lissafi. Murhu ma ya canza. Duwatsu uku suna karɓar kowace tukunya, matsar da su kawai ake yi. Murhun Mai Sauƙi da aka yaɗa a Nijar a shekarun 1980 kuwa ana yin sa ne daidai da tukunya, domin tsimin itacen yana cikin ɗan tazarar da ke tsakaninta da bangon murhun. Sai ga gaz, wanda ya yawaita a birane bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011. Kan kwalbar kilo 6 ƙarami ne. Ka ɗora masa tukunyar biki, tsakiya ta ƙone, gefe bai nuna ba, ga haɗarin kifewa inda yara ke rarrafe.

Baƙin ƙarfe ya fi tsananta wannan, don ya kusa ninka alminiyom uku a nauyi. Sai wuta ta gama zafafa jikinsa kafin ta taɓa abinci, kuma wanda ke dafa kilo ɗaya na shinkafa a tukunyar kilo biyar yana biyan kuɗin zafafa ƙarfe ne kullum. Malaman lissafi na da misali a nan: in aka ninka faɗi da zurfin tukunya biyu, cikinta ninki takwas yake ƙaruwa. Ƙarin santimita huɗu da ido ke rainawa a kasuwa, daga 24 zuwa 28, ya kai lita biyu da rabi.

A ganina, gidan mutum biyu zuwa huɗu, tukunya mai lita 3 zuwa 4 ta ishe shi tuwo ko shinkafa, da ƙarama ta miya. Kada a dogara da lamba. A tafi kasuwa da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a auna, a bar kashi ɗaya cikin uku na tukunyar fanko saboda tafasa da muciya, a kuma ɗaga ta a ji ko mai girkin za ta iya sauke ta cike. Ranar suna ko biki kuwa, aron babbar tukunya wurin maƙwabta ko haya al'ada ce da ba ta mutu ba a Maraɗi ko Damagaram.