Wasan Barkwanci a Birnin Kaduna

Wasan barkwanci, ko wasan taubasantaka, al'ada ce da ta halatta wa wasu rukunonin mutane su zolayi juna, har da baƙar magana, ba tare da wanda aka yi wa ya yi fushi ba. Tushensa cikin gida yake: tsakanin kaka da jika, da tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda kan bi juna kuɗin shara a watan Muharram. Daga nan ya faɗaɗa zuwa garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari. Masana kan danganta yawancin wannan da tsofaffin yaƙe-yaƙe da auratayya, shi ya sa kowane ɓangare ke kiran ɗan'uwansa "bawana".

Kaduna ba ta gaji wasan daga kakanni ba, baƙi ne suka zo mata da shi. Da Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, 'yan kasuwa da akawuna suka cika garin. Sunayen Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa shaida ne. A garin da ba wanda ya san asalin wani, tambayar "daga ina kake?" kan zama mabuɗi. Banufe ya ji maƙwabcinsa Bakatsine ne, nan take ya ce ya samu bawa, zumunci ya ƙullu. Bakano kuwa ya fi kowa shan zolaya, domin Kaduna ƙasar Zazzau ce, a gidan abokin wasansa ya sauka. Har yau a Kasuwar Barci ko tashar Kawo ana sassauta ciniki da irin wannan tsokana.

Wasan yana da iyaka. Ba a taɓa addini, ba a yi wa wanda babu wasa tsakani, kuma wanda ya fusata shi ake gani da laifi. Amma bai hana rikicin addini na 2000 da ya raba mazauna birnin gida biyu ba, domin galibi hulɗar wasan ba ta haɗa ɓangarorin biyu ba.

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya irin wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.